Za A Ba Kamfani Sashen Hoto Da Ɗakin Gwajin Asibitinmu: Mu Yi Murna Ko Mu Yi Kuka?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, kuma ina roƙon waɗanda suka san harkar asibiti su sa baki. Ranar Litinin na kai Inna babban asibitinmu, ƙafarta ta kumbura tun faɗuwar da ta yi a banɗaki. Muka yanki kati, muka bi layi, likita ya duba ya ce a yi hoto. Da muka je sashen hoto sai aka ce na'urar ta lalace tun kafin azumi. Gwajin jini ma aka ce babu sinadari. Haka na sa tsohuwa a adaidaita muka tsallaka titi wurin masu hoto na kuɗi, kafin mu dawo da takarda likita ya tashi. Sai Talata aka gan mu. A layin ne na ji wata ma'aikaciya tana cewa an kusa hutawa, wai gwamnati za ta ba wani kamfani sashen hoto da ɗakin gwaji ya riƙa gudanarwa ana raba kuɗin. Ni dai raina biyu. Wahalar da Inna ta sha ba na fatan ta ga kowa, amma kuma ina tsoron ranar da za a ce asibitin gwamnati ma ya fi ƙarfin irinmu.

Ɗan Kurmi:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Anti, ai kin ba kanki amsa. Kuɗin da kike tsoron biya kin riga kin biya shi a tsallaken titi, har da na adaidaita, har da asarar yini guda. To don me ba za a kawo mai hoton nan cikin asibiti ba? Ɗan kasuwa ba ya barin na'urarsa ta kwana a lalace, domin kwananta ɗaya asararsa ce. Kayan gwamnati kuwa ba shi da mai jin zafinsa.

Kwamared:
Haka aka ce mana a 2013 lokacin da aka sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki. Yau ina wutar? Kuɗi dai ya ninka.

Ɗan Kurmi:
To ka tuna da layin waya ma. Kafin 2001 gida nawa ne ke da tarho a unguwarku?

Kwamared:
Wanda ba shi da kuɗin kati sai ya haƙura da kira. Wanda naƙuda ta kama matarsa da tsakar dare zai haƙura ne? Mara lafiya ba ya taya farashi, Alhaji. Duk abin da aka yanka masa zai biya, ko da zai sayar da akuyar gidan.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana ku dakata in ba ku abin da idona ya gani. Shekara talatin da ɗoriya na yi a ofishin mulki na asibitoci, har na yi ritaya. Matsalar ba sayen na'ura ba ce. Gwamna yana son sayen na'ura, domin a nan ake yanka kyalle a ɗauki hoto. Abin da ba a so shi ne kuɗin kula da ita. Ƙaramin abu zai ƙone a ciki, sai ka rubuta takarda zuwa hukumar asibitoci, ita ta tura ma'aikatar lafiya, ita ta tura ma'aikatar kuɗi, a ce babu shi a kasafin bana. Kuɗin da asibiti ya tara kuma ba ka da ikon taɓawa, ya tafi asusun gwamnati. Na taɓa ganin na'ura sabuwa ful ta shekara biyu a cikin akwatinta a bakin sito, saboda ɗakin da za a kafa ta ba a ja masa wutar da ta dace ba. Ranar da aka buɗe, ɓeraye sun gama da wayoyin.

Mun gwada gyara daga ciki. Bayan taron Bamako na 1987 aka kawo tsarin asusun magani mai juyawa: a ba asibiti jari, ya sayi magani, ya sayar da ɗan ƙari kaɗan, ya sake sayowa. Inda aka bar kuɗin ya juya, abin ya yi kyau ƙwarai. Inda kuma aka riƙa zarar kuɗin ana sayen gas na janareta, ko a zo da takarda daga sama a kwashi magani bashi, cikin shekara biyu kantar magani ta koma wayam. Don haka ni ban ƙi ɗan kasuwa ya shigo ba. Sai dai hannun da ya kasa riƙe asusun magani shi ne zai sa ido a kan kamfanin, a nan hankalina bai kwanta ba.

Nas Ɗin Dare:
Baba ya faɗi gaskiya, amma akwai wadda ba a son faɗa. Haɗin gwiwa da 'yan kasuwa ai ya daɗe a asibitocinmu, a ɓoye ne kawai. Wasu wuraren hoton da ke tsallaken titi, ku bincika na su waye. Wani lokacin wanda ya ce miki na'ura ta lalace yana da kaso a inda ya tura ki. Ba duka ba, wallahi akwai masu tsoron Allah da yawa, akwai wanda ke sayo safar hannu da kuɗin aljihunsa. Amma idan za a fito da abin fili, a rubuta, a san nawa ke shiga nawa ke fita, ni ya fi mini wannan na ƙarƙashin tebur.

Abin da ke damuna shi ne dare. Ƙarfe biyu a kawo wanda ya yi haɗari a babur, babu ɗan'uwa, babu ko sisi a aljihunsa. Yanzu ina iya roƙon abokin aikina a ɗakin gwaji ya duba mini rukunin jininsa, gobe a san yadda za a yi. Idan yaron kamfani ne a wurin, kwamfutarsa ba ta fitar da sakamako sai da rasit, wa zan roƙa?

Akanta:
Yaya Nas, doka tana gefenki a nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowace cibiyar lafiya, ta gwamnati ko ta kuɗi, ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Akwai kuma dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga. Sai dai idan ba a rubuta a cikin yarjejeniyar wanda zai biya kamfanin kuɗin irin wannan aiki ba, to yaron da ke kan kwamfuta zai bi umarnin mai biyansa albashi ne.

Kuma ina ganin muna cakuɗa abubuwa. Abin da ake kira haɗin gwiwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai a miƙa asibiti sukutum, kamar Asibitin Garki a Abuja da hukumar birnin tarayya ta ba Nisa Premier a 2007 na shekara 15. Akwai kuma a ba da sashe ɗaya kawai, irin wanda Maman Ummi ta ji. Misalinsa na kusa shi ne cibiyar gwaje-gwaje da hukumar zuba jarin ƙasa, NSIA, ta gina a cikin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da irinta a Umuahia, da cibiyar gashin cutar daji a asibitin koyarwa na LUTH a Legas wadda aka buɗe a 2019 kan kuɗi kusan dala miliyan 11. Tsarin shi ne su zuba jari, su gudanar na wasu shekaru su mayar da kuɗinsu, sannan abin ya koma hannun asibitin.

Kwamared:
Ki tsaya nan Hajiya. NSIA ai asusun ajiyar ƙasa ne, kuɗin rarar man fetur ɗinmu ne. Wato kuɗin gwamnati ne aka juya shi ta hanyar kasuwanci, kuma ya yi aiki. To wannan hujjata ce ba ta Alhaji ba. Ashe gwamnati tana iyawa idan ta ga dama.

Akanta:
Rabinta taka ce. Jarin na gwamnati ne, amma ba da takardar zuwa ma'aikata ake sayen kayan gyara ba, kuma ba kyauta ake yi ba. Mai zuwa gashi a Legas yana biya, biya mai nauyi ma. Abin da ya canza shi ne na'urar tana aiki. Waɗanda suka yi jinyar mai cutar daji shekarun baya sun san yadda ake yawo daga Zariya zuwa Abuja zuwa Ibadan ana neman inda na'urar gashi ba ta tsaya ba.

Ɗan Kurmi:
Yauwa! Da babu gara ba daɗi.

Maman Ummi:
Alhaji, ga mai kuɗin biya ne akwai. Ga maƙwabciyata mai sayar da awara, na'ura mai aiki da na'urar da ta lalace duk ɗaya ne idan kuɗin ya fi jarinta.

Akanta:
Bari in ba ku labarin Lesotho, domin duk wanda ke wannan muhawara a duniya sai ya biyo ta kansa. Ƙaramar ƙasa ce da Afirka ta Kudu ta kewaye. Babban asibitinsu ya tsufa, sai suka ƙulla yarjejeniyar shekara 18 da wani gungun kamfanoni mai suna Tsepong, ƙarƙashin jagorancin kamfanin asibitoci na Netcare na Afirka ta Kudu, da shawarar reshen Bankin Duniya mai kula da 'yan kasuwa. Aka gina asibitin Sarauniya Mamohato a Maseru, gado 425, aka buɗe a 2011. Kamfanin ne ya gina, shi ke ɗaukar likitoci da nas-nas, shi ke gudanarwa, gwamnati tana biyansa duk shekara. Mara lafiya kuwa abin da yake biya a sauran asibitocin gwamnati shi yake biya a nan. Kun ga an magance kukan Maman Ummi ke nan.

Aiki ya yi kyau, binciken da aka yi ya nuna mace-mace sun ragu idan aka kwatanta da tsohon asibitin. Amma a cikin takardar an ƙayyade cewa kuɗin shekara na masu kwanciya 20,000 ne da masu zuwa su koma gida 310,000. Duk wanda ya ƙaru a kan haka, gwamnati za ta biya daban. To wa zai ga asibiti mai kyau ya tsaya a na ƙauyensu? Jama'a suka yi ca. A 2014 ƙungiyar Oxfam ta fitar da rahoto tana cewa asibitin nan ɗaya da ƙananan cibiyoyinsa suna cinye fiye da rabin kasafin lafiyar ƙasar. Masu yarjejeniyar sun musanta lissafin, amma rigimar kuɗi ba ta ƙare ba. A 2021 nas-nas suka yi yajin aiki kan albashi, aka kori ɗaruruwansu, gwamnati ta soke yarjejeniyar tun wa'adinta bai cika ba.

Abin da nake so a lura: ba wanda ya saci na'ura, ba wanda ya gudu da kuɗi. Layi biyu ne a cikin takarda suka jawo duk wannan.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Ka ji irin abin da nake tsoro. Su za su zo da lauyoyi goma da suka yi irin wannan ciniki a ƙasa biyar. Mu kuma za a tura darakta ɗaya da aka ba shi takardar da yamma aka ce gobe za a sa hannu.

Kwamared:
Ko Ingila ma da suka koya wa duniya wannan tsari sun janye. Tun shekarun 1990 suka fara gina asibitoci da kuɗin 'yan kasuwa ana biyansu shekara ashirin da biyar zuwa talatin. A 2018 kamfanin gine-gine na Carillion ya durƙushe ya bar asibitin Liverpool ba a gama ba, sai 2022 aka buɗe shi. A shekarar 2018 ɗin ministan kuɗinsu ya ce ba za a sake ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

Ɗan Kurmi:
Kwamared kullum kai da Ingila. Su can likita kyauta ne, da haraji ake biya. Mu nan fa? Tun 2001 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja suka yi alkawarin kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba, tana dai yawo a wajen kashi biyar. Kai kana jiran ranar da za ta cika, mu kuma iyayenmu suna tsallaka titi da karyayyar ƙafa. Ka kawo mafita ta bana, ba ta ranar da jaki zai yi ƙaho ba.

Kwamared:
Mafitar bana ita ce a bar wa asibiti kuɗin da ya tara ya yi gyara da shi, a sa kwamitin gari ya riƙa duba littafin. Ba sai an kawo wanda zai kwashi riba ya kai wani gari ba.

Ɗan Kurmi:
Kwamitin gari! Wanda za a cika da 'yan jagaliyar ciyaman?

Mai Kula Da Zaure:
Alhaji, Kwamared, a sassauta. Ba a kawo siyasar ƙaramar hukuma nan. A ci gaba da magana a kan asibiti.

Likitan Unguwa:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, domin ni ne ɗan kasuwar da ake magana a kai, ko da yake ƙarami ne. Ina da asibiti mai gado takwas. Kuna ta tsoron kada kamfani ya cuci gwamnati, ba wanda ya tambayi sau nawa gwamnati ta karya ɗan kasuwa.

Ni ina cikin haɗin gwiwa tun tuni, ta hanyar inshorar lafiya. Tsarin shi ne a ba ka kuɗi kan kowane mutum da ya zaɓi asibitinka, duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. Shekara da shekaru kuɗin nan naira 750 ne, sai a 2024 aka ƙara. A tsawon lokacin nan ku tuna sau nawa kuɗin magani ya ninka, ku tuna gas, ku tuna ƙarin kuɗin wuta da aka yi a Afrilun 2024 ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta. Sannan kuɗin aikin da ka riga ka yi, kamar tiyata, sai ka bi kamfanin da ke tsakani wata da watanni. Mai kati ya zo, kashi goma cikin ɗari na kuɗin magani kawai zai biya, haƙƙinsa ne. Ni kuma mai sayar mini da magani ba ya karɓar "ana bin mu". Daga nan ne kuke jin an ce wa mai inshora maganin ya ƙare, ga shi kuwa a kanta. Ban ce daidai ba ne. Ina faɗa muku inda ruwan ya yi tsami ne.

Duk kamfanin da zai karɓi ɗakin gwajin nan ya san wannan. Ba zai yarda ya dogara da biyan gwamnati ba. Zai ce a bar shi ya karɓa kai tsaye daga hannun mara lafiya. Wato daga jakar Maman Ummi.

Nas Ɗin Dare:
Likita ka burge ni da ka faɗi ta kanta.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Abin da lokotoro ya faɗa mun gan shi nan, kuma mu ba ma da ɗan kasuwa a ciki. A 2005 da 2006, zamanin Tandja, gwamnati ta ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu haihuwa ta hanyar tiyata kyauta ne a likita. Mutane suka ji daɗi, mata suka riƙa kai yara tun ciwo bai yi nisa ba. Tsarin shi ne likita ta yi aiki ta aika takardu, gwamnati ta maido kuɗin. Sai maidowar ta riƙa jinkiri, bashi ya taru, magani ya ƙare a kanti. Ganin lokotoro kyauta, amma a rubuta maka takarda ka tafi farmasi ka saya. To in gwamnati ba ta biya likitarta ta kanta a kan lokaci ba, ta wani za ta biya?

Ɗan Zangon Kumasi:
Mu a Gana akwai wani iri da ban ji kun ambata ba. Asibitocin mishan suna da ƙungiya, CHAG, tun 1967, kuma yawancinsu a karkara suke inda gwamnati ba ta kai ba. Gwamnati tana biyan albashin ma'aikatansu da yawa, su kuma suna karɓar katin inshorar ƙasa wadda aka kafa a 2003. Ba riba suka fito nema ba, abin da ya shigo a asibitin yake komawa. Su ma suna kukan jinkirin biya, har sukan yi barazanar daina karɓar kati. Amma tsarin ya daɗe yana tafiya. Abin da nake tambaya, ina masu kuɗinmu da ƙungiyoyin addininmu? Dole ne sai kamfani mai neman riba? Ba za a iya yin waƙafi a karɓi ɗakin gwajin ba?

Baba Mai Ritaya:
Tambaya mai kyau, ɗana. Attajiranmu suna gina ɗakin kwanciya su sa sunan mahaifiyarsu, Allah ya saka musu. Amma ban taɓa ganin wanda ya ce ga shaguna goma na tsayar, hayarsu ta gas ɗin janareta ce da gyaran na'ura har abada ba. Su ma yanka kyallen suke so, irin na gwamna.

Ɗan Kurmi:
Baba wannan jifan ya same ni, na karɓa.

Likitan Unguwa:
In ƙara wani abu don kada a ce duk baƙi ne. Akwai haɗin gwiwar da ke tafiya lafiya ba a jin ta, saboda ƙarama ce kuma kowa ya san aikinsa. Maganin tarin fuka gwamnati ke kawo mini kyauta, ni kuma in ba majinyaci kyauta in cika rajista. Masu kemis ma an koya wa wasu su turo wanda tarinsa ya wuce mako biyu a yi masa gwaji. A Kaduna tun 2022 kamfanin Zipline ke kai magani da alluran rigakafi asibitocin karkara da jirage marasa matuƙa, kamar yadda ya fara da jini a Ruwanda a 2016. Irin wannan ana iya ƙirgawa: an kai ko ba a kai ba. Inda ake rikicewa shi ne a miƙa abu mai girma na shekara ashirin ga wanda ba a san yadda za a auna aikinsa ba.

Akanta:
Kenya ma sun ɗanɗana. A 2015 gwamnatinsu ta yi hayar na'urori daga manyan kamfanoni irin su GE da Philips na shekara bakwai, aka raba wa asibitoci 98, da sharaɗin kamfanin ne zai riƙa gyara. Dabarar tana da kyau, ita ce maganin ciwon da Baba ya faɗa. Amma wasu asibitocin aka kai musu na'urar wankin ƙoda ko ta hoto alhali ba su da ma'aikacin da ya iya ta, wasu ba wutar da za ta ɗauka. Kuɗin haya kuwa ana cirewa ko an kunna ko ba a kunna ba. Har majalisar dattawansu ta yi bincike a kai.

Nas Ɗin Dare:
Kun tuna mini. Ma'aikatan da ke sashen yanzu fa, ina za a kai su? Akwai wanda ya shekara ashirin a ɗakin gwajin nan. Idan kamfani ya zo da yaransa 'yan kwantiragi, namu za su zauna suna karɓar albashi ba aiki, ko a watsa su ƙauyuka. Idan kuma aka bar su a ƙarƙashin kamfanin, mutum biyu a benci ɗaya, aiki ɗaya, albashi daban. Ranar da ƙungiya ta kira yajin aiki a ga abin da zai faru. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ba za mu yarda da wannan ba.

Kwamared:
Sai yanzu aka zo wurina.

Maman Ummi:
To ni duk na ji, kuma kaina ya ƙara ɗaurewa. Abin da na fahimta dai, ko kamfani ko gwamnati, wani ne zai biya kuɗin hoton Inna. Ina inshorar da aka ce an wajabta wa kowa?

Akanta:
An sa hannu a dokar a Mayun 2022, ita ta mayar da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa daga NHIS zuwa NHIA, ta wajabta inshora, ta kuma tanadi asusu na masu rauni. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta ce a ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, wanda sai a kasafin 2018 aka fara saka shi. Jihohi suna da hukumomin taimakekeniya nasu, ma'aikata ana cire musu a albashi. Amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Ke malamar makaranta ce, wataƙila kina da kati. Mai awara ba ta da shi sai in an sa ta a jerin masu rauni. Shi ya sa tambayata ta farko ga kamfanin nan ita ce: zai karɓi katin taimakekeniya a farashin hukuma, ko sai tsaba?

Ɗan Kurmi:
Ni har yanzu ina kan bakana, a ba su. Amma na yarda kada a yi cinikin biri a sama. Ko shago zan ba haya sai an rubuta wanda zai gyara rufi.

Kwamared:
Ni kuma ina kan nawa. Amma in an nuna takardar zan karanta.

Mai Kula Da Zaure:
To tunda abin har yanzu jita-jitar layi ce, me zai hana ƙungiyar ci gaban gari ta rubuta wa shugaban asibitin da hukumar asibitoci ta nemi bayani? Hajiya Akanta, za ki tsara mana?

Akanta:
Zan yi in sha Allahu, daren nan. Zan kafa hujja da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Zan tambayi shekara nawa ne, wa ke yanka farashi kuma sau nawa za a iya ƙara shi, wa ke biyan na gaggawa da dare, kwana nawa na'ura za ta yi a tsaye kafin a ci kamfanin tara, da makomar ma'aikata. Sai maganar kati. Wanda ke da ƙari ya turo kafin goma.

Likitan Unguwa:
Ki tambaya ko an hana asibitin yin gwaji da kansa muddin yarjejeniyar tana aiki. Sukan saka wannan, kuma shi ne ke rufe ƙofar mai sauƙin kuɗi.

Baba Mai Ritaya:
Ki sa a ƙirga kayan da ke sashen kafin a miƙa, da lambar jikin kowace na'ura, a gaban shaidu. Har da wadda aka ce ta lalace. Na san abin da ya sa na ce haka.

Nas Ɗin Dare:
Baba ka yi shiru haka nan, kar ka sa a kira ni ofis gobe.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai jama'a. Masu tambaya ta ta bayan fage, Inna da sauƙi, tsagewar ƙashi ce ba karaya ba, an ɗaure. An ce mu koma bayan mako uku da sabon hoto. Yaya Nas, don Allah in an gyara na'urar cikin asibitin kafin lokacin ki sanar da ni, in ba haka ba mu biya ta tsallaken tun da safe kafin mu yanki kati.